Muryar Da Aka Yi Wa Takaba

Shafi na 23

Masu biyo ni har akwatin saƙo kuna cewa na bar Kubura a tashar Gwandu na tafi harkata, ga ta nan na ɗauko muku. Ke kuma da kika ce in auren nan ya mutu za ki fice daga zauren, 'yar uwa zauna tukuna, ki karanta da zuciya ɗaya.

*

Motar ko Kambaza ba ta kai ba direba ya ƙara sautin waƙar.

Kubura na can baya, a matse tsakanin ƙofa da wata tsohuwa mai ƙwaryar nono, 'yarta Jidda na barci a cinyarta. Dubiyar mahaifiyarta ta je Gwandu, yanzu za ta koma ɗakinta a Kalgo.

Tun dukan farko ta gane kiɗan. Kalangu a ƙasa, gurmi na bin sa a hankali, sai wani nauyi da ke sauka a ƙirjin mutum. Hannun mijinta ne, Lukuman. Duk wanda ya taɓa riƙe makirfo da sunan hip-hop daga Argungu har Yawuri ya san hannun nan, ko da bai taɓa ganin mai shi ba.

Muryar da ta hau kan kiɗan kuwa ta mijinta na fari ce. Ɗalha.

Ta runtse ido.

Tun makon jiya take cikin wannan azaba. Kundi uku na waƙoƙi Lukuman da Ɗalha suka haɗa a zamanin samartakarsu, ba su saki ko ɗaya ba. Ɗalha ya aure ta, ko shekara ba su rufa ba ya bi motar Agadas zai shiga Aljeriya neman aiki. Sai labari ya dawo cewa mota ta kife da su a sahara. Ta yi takaba. Inna Delu, uwar Ɗalha, ta roƙi Lukuman kada ya bar muryar mamaci tana yawo a tasha, shi kuwa ya kulle waƙoƙin, ya rantse ba za su fita ba. Bayan shekaru ya nemi auren Kubura, aka ba shi.

Yanzu ga su sun fita, suna cikin wayar kowa, ba a san wanda ya sake su ba.

"Wanga yaro ya iya baki," in ji direba. "Allah shi jiƙan shi."

"Ɗan Malisa ke nan," wani saurayi ya amsa daga gaba. "Oga Luku ya zauna bisa zinari shekara da shekaru, sai yanzu Allah ya tona."

Kubura ta gyara wa Jidda kwanciya. Wannan waƙar ta san ta kamar tafin hannunta. A ɗakinta na amarci aka tsara ta, Ɗalha na bakin gado yana dukan cinya, ita tana tsintar shinkafa tana yi masa dariya. Baiti biyu ce. Na biyun na ƙarewa kiɗan zai mutu.

Baiti na biyu ya ƙare.

Kiɗan bai mutu ba.

Aka ja numfashi a cikin sifikar, dogo, irin na wanda ya sha tafiya. Sai muryar ta dawo, ta ɗan dushe, ta ɗan yi kauri:

"An kai Baba Bawa, ban ɗau makara ba,
An raba gonar fadama, ba a ce a jira ba,
An kai amaryata ɗakin wani, ni ban furta ba."

Kubura ta buɗe ido.

Baba Bawa, uban Ɗalha, bara waccan ya rasu. Ita da kanta ta je Malisa gaisuwa da cikin Jidda. Gonar fadama bayan arba'in aka raba ta. Duk wannan ya faru ne Ɗalha ya daɗe a ƙasa.

"Malam direba," ta ce, ba ta ma gane muryarta ba. "Don Allah maido ta baya kaɗan."

"Hajiya, ke ma ta kama ki ko?"

Ya maido. Ta sake ji. Ba abin da ya canza.

Tsohuwar da ke gefenta ta dube ta. "Ɗiyata, lahiya? Kin ga yadda kike zuhwa?"

"Lafiya lau, Inna. Zafi ne."

*

Da ta sauka a Kalgo ba ta bi ta gida ba. Ta goya Jidda, ta ɗauki jakarta, ta nufi situdiyo, rana na tsakar ka.

Ɗaki ne guda a bayan shagunan masu gyaran waya, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai da tsohon kafet. Rabonta da shi tun tana matar Ɗalha, lokacin da takan kawo musu abinci ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ta yi sallama sau biyu bai ji ba. Yana gaban kwamfuta, abin sauraro a kunnuwansa, ya tallabe goshi. A kusurwa ga tabarma da matashi, ga kayansa a rataye jikin ƙusa. Tun kafin ta tafi Gwandu ya daina kwana gida, ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ta taɓa kafaɗarsa.

Ya zabura, ya ja kujerar baya har ta bugi bango, kamar wuta ce ta taɓa shi.

"Maman Jidda. Yaushe kinka dawo?"

"Yanzu."

"Ba ki kira ba."

"Baban Jidda, baiti nawa ne a waƙar Gurmin Malisa?"

Ya cire abin sauraron ya ajiye a hankali.

"Tambayarka nike."

"Biyu."

"Na ji uku."

"Ina kinka ji?"

"A mota. Direba na yi mashi addu'ar rahama." Ta gyara goyonta. "Ka san da shi?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ta fito."

"Ka bar ni ina yawo cikin mutane, kowa ya ji sai ni?"

"Mi zan ce maki, Kubura? In ce maki mi?"

"Gaskiya."

"Ba ni da ita. Da ina da ita da na ba ki."

Ta nemi benci ta zauna. Jidda ta motsa a bayanta, ta koma barci.

"Kai ka haɗa shi?"

"Kiɗan nawa ne. Baiti biyun farko a ɗakin nan anka ɗauke su, ga inda ya tsaya nan." Ya nuna gefen taga. "Na ukun ban san shi ba. Wallahi ban taɓa jin shi ba sai da kowa ya ji."

"To mamaci ne ya tashi ya yi waƙa?"

"Akwai manhaja yanzu. Ka ba ta muryar mutum, ta koya, ta faɗi duk abin da kake so da bakinshi. Ko ni zan iya."

Ta kama maganar da hannu biyu.

"To ita ce. Wani maƙiyi ne. Wani ya ga muna zaune lafiya."

Ya juya wajen kwamfutar.

"Ita ce ko?"

"Zo ki gani."

Ta matso. A fuskar kwamfutar wasu zane-zane ne kamar tsaunuka, ba ta gane komai ba. Ya danna, muryar ta fito ita kaɗai, ba kiɗa. Ya tsayar. Ya maido. Ya sake tsayarwa.

"Kin ji nan? Ya haɗiye yawu. Nan kuma iska na fita ta gefen baki in ya ce sa ko za. Ɗalha da na sani haƙoranshi cikakku ne. Wanga ya rasa na gaba."

"To ba shi ba ne."

"Manhaja abin da anka ba ta take maidowa. Muryar ɗan shekara ashirin da 'yan kai za ta ba ki, don ita ce a tsofaffin waƙoƙin. Ba ta tsufa. Wagga murya ta tsufa."

"To shi ne."

"Ban ce ba."

"Baban Jidda, ka tsaya wuri ɗaya."

"Na kasa." Ya shafa fuskarsa. "Da safe in saurara in ce shi ne. Da la'asar in saurara in ce ƙarya ne, wani ne ya iya kwaikwayo. Mutane na cewa kunnena ba ya kuskure. Yau kunnen ya ƙi ni."

Ta dube shi sosai. Idanunsa sun faɗa, gemunsa ya yi buzu-buzu. Mutumin da samari ke cire hula in sun shigo gabansa, yau ya koma kamar wanda ya ɓata a kasuwa.

"Abin da ya fi ɗaure mani kai," ya ci gaba, "ko wane ne, sai da ya samu kiɗan tsirara, ba murya a kai, sannan zai iya ƙara baiti. Kiɗan tsirara kuwa babu shi ko'ina a duniya sai cikin wagga kwamfuta. Ko Muzzammil, da munka kafa ɗakin nan tare, ban ba shi ba. Na zarge shi, na zargi mai gyara, har kaina na zarga ko na yi cikin barci."

Kubura ta ƙura wa kwamfutar ido.

Wani abu ne ya taso mata daga can nesa. Safiyar da Ɗalha zai tafi. Ya miƙo mata wani ɗan baƙin abu kamar farce, ya ce ta ɗinke masa shi a ƙugun wando, ta ciki, inda ɗan sanda ba zai laluba ba. Ta tambaye shi mene ne. Ya yi dariya ya ce guzuri.

"Akwai wani," ta ce.

"Wani mi?"

"Memori. Ƙarami. Ni na ɗinke mashi a wando ranar da zai tafi."

Lukuman ya miƙe tsaye.

"Mi ke ciki?"

"Ban sani ba. Ban tambaya ba sau biyu."

"Shekarun nan duk ba ki faɗa ba?"

"Na manta da shi. Sai yanzu da ka yi magana."

Ya fara zagaya ɗakin, ɗakin da taku uku ke ƙarewa. "Ɗalha ya kwana nan daren tafiyarshi. Ni na bar mashi makulli. Ashe kwafe waƙoƙin ya yi. Duka kundi ukun, har da kiɗan." Ya tsaya. "Ke nan wanda ya saki waƙoƙin, wandon Ɗalha ya bi ta hannunshi."

"Ko yana sanye da shi."

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Suka dubi juna, kowa ya kawar da kai.

Fankar da ke sama na juyawa tana ƙara. A waje wani mai gyaran waya ya kunna waƙar, wannan dai, ya ƙure sauti.

Sai idonta ya koma kan tabarmar da ke kusurwa.

"Ba aiki ne ya hana ka kwana gida ba."

Bai musa ba.

"Ɗazu na taɓa ka, ka ja baya."

"Na je wajen Malam kan maganar aurenmu. Ban ambaci suna ba, na ce wani ne ya aiko ni."

"Ya ce mi?"

"Ya ce magana ce ta alƙali. Ya ce ya danganta da yadda anka tabbatar da mutuwar tun farko. Ya ce kafin nan, su nisanci juna."

"Su."

"Mu."

Ta ji hawaye na son zuwa, amma ba ta san na wa za ta yi ba. Na wanda ta yi wa takaba, ta share watanni tana jin ƙamshinsa a matashi? Ko na wannan da ya ɗauke ta daga zawarci, bai taɓa ɗaga mata murya ba, yanzu yana tsoron hannunta? In Ɗalha na raye, murna ya kamata ta yi, rai ne. To me ya sa murnar ta ƙi zuwa?

"Jidda fa?" ta ce.

"Jidda ɗiyata ce. Wannan Malam bai yi jinkiri a kai ba."

"Ni kuma ta wa ce?"

Sai aka yi sallama daga ƙofa.

Muzzammil ne. Abokinsu na uku, wanda suka hau mota ɗaya da Ɗalha, shi ya dawo da rai, shi ya tsuguna gaban Baba Bawa ya kawo labarin mutuwar. Tun makon jiya wayarsa a kashe take. Ya rame, ƙafarsa duk jar ƙasa.

Ya ga Kubura, ya tsaya turus.

"Maman Jidda. Ashe kina nan. Gida na fara zuwa."

"Ni kake nema?"

"Ke."

Lukuman ya shiga tsakaninsu. "Ina ka shiga? Ina ta kiranka."

"Ina Malisa."

"Kai ka saki waƙoƙin?"

"Ni da wace kwamfuta, Luku?"

Kubura ta miƙe, ta zagaye mijinta, ta tsaya gaban Muzzammil. Ba ta taɓa tsayawa kusa da shi haka ba.

"Ka ce da hannunka ka binne shi. A gabana ka faɗa, ina bayan labule."

"Na binne."

"Ka ga fuskarshi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Muzzammil."

"Motar ta kama da wuta, Maman Jidda. Waɗanda munka binne, ba su da fuska. Ni ma ban san kaina ba sai da rana ta yi. Na ga mutum da rigar sanyin Ɗalha, wadda Luku ya ba shi, mai jan hannu. Na nemi Ɗalha cikin masu rai ban gan shi ba. Wasu sun ce an kwashi masu rauni a wata mota tun ina sume, wasu sun ce ba a kwashi kowa ba. Na ga riga. Na yi mashi salla."

"Riga," in ji Lukuman.

"Da kai ne mi za ka ce?"

Lukuman ya koma gefen taga.

"Mi ya kai ka Malisa?" Kubura ta tambaya.

"Hakimi ya aika a zo da ni." Ya waiwayi ƙofa. "Akwai mutum a ɗakin Inna Delu tun shekaranjiya."

Ta dafa bango. Kwalin ƙwai ya lotsa a ƙarƙashin hannunta.

"Da la'asar ya shigo gari, kai tsaye ya nufi gidan, bai tambayi kowa hanya ba. Inna kun san idonta ya tafi. Ta ji sallamarshi, ta saki ludayi, ta ce ɗanta ne. Har yanzu ba ta saki hannunshi ba."

"'Yan uwanshi fa?" in ji Lukuman.

"Sun rabu biyu. Mata sun ce shi ne. Yayyenshi da sunka raba gona sun ce ɗan damfara ne, ya tsinci memori a jikin gawa, ya haddace waƙoƙi, ya bi labarin gida a waya."

"Kai fa? Kun tashi tare."

"Na zauna da shi yini guda." Muzzammil ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Rabin fuskar wuta ta cinye. Ba haƙora a gaba. Ya san sunan jakin da ya kayar da mu muna yara. Amma na tambaye shi sunan malaminmu na allo, ya dube ni kawai. Wani lokaci in ya yi dariya sai in ji tsikar jikina ta tashi. Wani lokaci in ga baƙo ne ban taɓa gani ba. Na kasa cewa e. Na kasa cewa a'a."

"To ni mi zan yi?" Kubura ta ce.

"Hakimi ya ce uwa ba ta gani, aboki ya ruɗe, 'yan uwa kowa da abin da yake karewa. Ya ce saura mutum ɗaya da ta san shi yadda wani bai san shi ba." Ya kasa kallonta. "Ya ce in kin ce shi ne, a kai magana gaban alƙali a kan shi ne. In kin ce ba shi ba ne, a kama shi."

Ta juya ta dubi Lukuman. So take ya hana ta. Ya ce matata ba ta zuwa ko'ina. Ko ya ce je ki. Ya dai ce wani abu.

Ya koma ya zauna a kujerarsa, ya zuba hannuwansa a gwiwa.

"Kada ki dube ni," ya ce a hankali. "Duk abin da na ce, son kaina ne zai faɗa."

"Ban shirya ba," ta ce da Muzzammil. "Yanzu na sauka daga mota. Ka ce masu gobe. Ko jibi. In yi istihara, in gaya wa Innata."

Muzzammil bai motsa daga bakin ƙofa ba.

"Ka ji ni?"

"Na ji. Sai dai mutumin ya ƙi jira a Malisa."

A waje mai gyaran waya ya kashe waƙar ba zato. Hayaniyar shagunan ta ɗauke gaba ɗaya.

Aka buɗe ƙofar mota. Aka rufe.

Sai ƙarar sanda a kan siminti, tana tahowa a hankali, ana jan ƙafa ɗaya a bayanta.

Inuwa ta rufe hasken ƙofar.

"Salamu alaikum," in ji muryar. "Da mutane?"